Yadda Ake Shirya Rigatar Jiragen Ruwa Masu Tafiya da Iska a Kaduna

Mutanenmu sun san tseren kwale-kwale. Duk wanda ya taɓa zuwa Yawuri lokacin bikin Rigata, ko Fategi a bakin Kwara, ko Argungu a ranakun kamun kifi, ya ga yadda majiya ƙarfi ke tuƙi da hannu har a san gwani. Tseren da zan yi bayani a nan ya sha bamban da wancan, domin jirgin ba shi da inji, kuma ba a yarda matuƙinsa ya tura shi da hannu ko da gora ba. Iska ce kaɗai ke tafiyar da shi, ta hanyar wani babban ƙyalle da ake ɗaurawa a jikin doguwar sandar da ke tsaye a cikin jirgin, wanda zan riƙa kira filafili. A Najeriya an fi sanin wannan wasa a Legas, inda aka kafa kulob ɗinsa tun 1932, amma babu inda dokokinsa suka ce sai a bakin teku. Faffaɗan ruwa da iska kawai yake bukata, kuma Allah ya hore wa Jihar Kaduna duka biyun.

Dokokin da ake bi a duniya baki ɗaya hukumar World Sailing ce ke fitar da su, tana kuma sabunta su duk bayan shekara huɗu; kundin da ake aiki da shi yanzu na 2025 zuwa 2028 ne. Kundin yana da tsawo, amma mai shirya gasa zai gane kansa da wuri idan ya riƙe abu guda, wato a kan ruwa ba a jin magana. Matuƙin da ke nesa da kai da mita 200, iska na kaɗa filafilinsa, ruwa na dukan jikin jirginsa, ba zai ji kiranka ba ko da lasifika ce a hannunka. Saboda haka duk abin da ake so ya sani, ko dai a rubuta masa tun yana kan tudu, ko kuwa a nuna masa da tuta. Abin da bai shiga ɗayan biyun nan ba, bai kamata a hukunta kowa a kansa ba.

Zaɓen ruwa da lokaci

Abin da zai fara zuwa ran mutumin Kaduna shi ne kogin da ya ratsa gari, musamman wajen Gamji inda jama'a suka saba taruwa. Ban ba da shawarar a yi a can ba. Da rani ruwan yakan ja baya duwatsu su fito, alhali jiragen nan suna da wani allo da ke sauka ta ƙarƙashinsu domin hana iska ture su gefe, kuma nitsewarsa takan kusa mita ɗaya ko a ƙananan jirage. Da damina kuwa, musamman a Agusta da Satumba, kogin yakan cika ya yi gudun da ƙaramin jirgi ba zai iya ja da shi ba da zarar iska ta lafa, ga gadoji a gaba. Ruwan madatsa ya fi dacewa, domin a kwance yake kuma yana da faɗi. Madatsar Kangimi da ke ƙaramar hukumar Igabi ita ce mafi kusa da gari, sai ta Gurara a kudancin jihar.

Ko wacce aka zaɓa, wajibi ne a je a zagaya ta a cikin kwale-kwale aƙalla sau biyu kafin a sa rana, kuma a tafi da masuncin da ya girma a wurin. Shi ne zai nuna inda kututturan itatuwa suke a ƙarƙashin ruwa tun lokacin da aka tare kogin, da inda yashi ya taru, da inda ake shimfiɗa koma da zuba ƙugiyoyi. A riƙe igiya mai dutse a bakinta ana gwada zurfi ana rubutawa. A ɗaga kai kuma a duba ko akwai wayar lantarki a kan hanyar da za a bi da jirage zuwa bakin ruwa, domin sandar filafili yawanci ta ƙarfe ce, kuma haɗuwarta da waya mutuwa ce nan take. A tambayi mutanen wurin batun kada da dorina ba tare da jin nauyi ba. Garin nan kansa daga kadduna ya samo sunansa. Wurin saukar da jirage kuwa a nemi mai yashi, a guji mai ciyawa da tsayayyen ruwa, domin a nan ne ƙananan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya suke zama.

Game da lokaci, a ganina daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ya fi kowane. A sa'ad nan madatsa na cike, hadari ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas ba tare da yawan sauya alkibla ba, hazo kuma bai yi kaurin da zai ɓoye tuta ba. Idan aka bari sai Janairu, ana iya wayar gari alƙalin gasa bai hango alamar da ke gabansa ba, wato abin da ake kafawa a kan ruwa domin jirage su zagaya, sannan ruwa ya fara raguwa. Afrilu da Mayu su ne mafi haɗari, domin guguwar farkon damina takan taso daga gabas cikin 'yan mintoci ta kifar da duk abin da ke kan ruwa. Sau da yawa iskar hunturu takan yi ƙarfi da hantsi ta lafa da yamma, don haka a tsara tseren farko wajen ƙarfe 10 na safe, a fito don sallar azahar da cin abinci, sannan a koma idan iska ta yarda. Asabar ce ranar da ta fi sauƙi ga kowa a Kaduna, tunda Juma'a akwai masallaci, Lahadi da safe kuma akwai coci.

Izini, da mutanen da ruwan ke ciyarwa

Takardun hukuma ba su da wuyar fahimta. A rubuta wa hukumar da ke kula da madatsar, a sanar da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 kuma hedkwatarta ke Lokoja, a kai wasiƙa ofishin 'yan sanda na yankin da ƙaramar hukuma. A nemi shawarar jami'an tsaro kan halin da hanya take ciki kafin a tsayar da rana, a sake tambaya ana jibi gasa.

Inda masu shiri kan yi sake shi ne wajen masu ruwan na ainihi. Madatsa gonar masunta ce, kuma rufe wani sashenta na yini guda tamkar hana mutum shiga gonarsa ne. A fara da gaisuwa wurin hakimi, shi zai tura wa dagaci, dagaci ya haɗa ku da Sarkin Ruwa. Idan an zauna da shi, kada a je da takardar hukuma a hannu kamar an zo ba da umarni. A ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman aron ruwa ne na yini guda, kuma ba mu san shi kamar yadda kuka san shi ba." Daga nan a yi yarjejeniya a fili: wane sashe za a kwashe koma daga cikinsa, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, kuma nawa za a biya idan jirgi ya yaga wa wani kayan sana'arsa. Abin da ya fi wannan duka amfani shi ne a ɗauki masunta aikin ceto, a biya su haƙƙinsu, domin babu wani baƙo da zai fi su iya tsamo mutum a wannan ruwan.

Rabon aiki

Hukuma uku ke tafiyar da rigata, kuma bai kamata mutum ɗaya ya zauna a biyu ba. Akwai masu shiryawa, waɗanda ke neman kuɗi da izini da fitar da sanarwa. Akwai kwamitin tsere, ƙarƙashin babban alƙalin ruwa, wanda ke da mai riƙe agogo, da mai ɗaga tuta, da mai busa ƙaho, da marubuci, da masu kafa alamu. Sai kwamitin sauraron ƙorafi, mutum uku sun wadatar, waɗanda ba su da ɗa ko ƙane ko jirgi a cikin gasar. A ware kuma mutum guda ya zama shugaban ceto, a ba shi ikon cewa a tsaya, kuma kowa ya san maganarsa ba ta bukatar shawara.

Takardu biyu

Ta farko ita ce sanarwar gasa, wadda ya kyautu ta fita aƙalla wata biyu kafin ranar. A cikinta ake faɗin sunan masu shiryawa, wuri da rana, cewa dokokin World Sailing za a bi, irin jiragen da aka yarda su shiga, kuɗin rajista da ranar rufe ta, lokacin alamar gargaɗi ta tseren farko, wato tutar da ake ɗagawa minti biyar kafin tashi, yawan tseren da ake son yi, da yadda za a ƙirga maki. Batun nau'in jirgi yana da muhimmanci: Optimist, mai tsawon kusan mita 2.3, na yara ne zuwa shekara 15, shi kuwa ILCA, wanda aka fi sani da Laser, ya ɗan haura mita 4 kuma na manya ne. Ba a haɗa su a lissafi ɗaya. Kowane aji da tutarsa da lokacin tashinsa. Yaro ba ya shiga sai da sa hannun mahaifi ko waliyyi.

Ta biyu ita ce umarnin tsere, kuma ita ce alƙali ke rayuwa a kanta. Ana raba ta wurin rajista a kuma liƙa ta a allon sanarwa. Tana ɗauke da zanen fili, da kamannin kowace alama da launinta, da ɓangaren da za a bar ta idan za a zagaya, da bayanin layin tashi da na ƙarewa, da iyakar lokacin kowane tsere, da wuraren da aka hana shiga, da inda za a kai ƙorafi. Ina ba da shawara mai ƙarfi a rubuta ta da Hausa da Turanci, a zana kowace tuta da launinta a bayan takardar, a kuma faɗi wanne daga cikin rubutun biyu za a bi idan suka saɓa. Duk wani gyara sai an rubuta shi an liƙa a allo a cikin lokacin da takardar ta ƙayyade. Taron bayani da ake yi da safe yana da amfani wajen kwantar wa sababbi hankali, amma abin da aka faɗa da baki a wurin ba ya sauya ko harafi ɗaya na abin da aka rubuta, kuma ya kamata a gaya musu haka tun a farkon taron.

Tanadin ceto

Kowane matuƙi ya sa rigar kariya daga nitsewa, daidai jikinsa, a ɗaure, tun daga bakin ruwa har ya dawo. A cikin dokokin duniya tutar Y, mai ratsin ja da rawaya a karkace, ita ke wajabta sa rigar, amma a nan gida a rubuta kawai cewa wajibi ce a kowane lokaci, har ga alƙalai da masu ceto. Kifewa ba abin mamaki ba ce a wannan wasa, kuma matuƙi yakan tayar da jirginsa da kansa ya ci gaba, amma a tabbatar kowa ya gwada hakan a ruwa marar zurfi kafin ranar. A koya wa kowa cewa idan jirgi ya kife ba a barinsa a nufi gaɓa da iyo, domin jirgin ba ya nitsewa kuma shi ake hangowa daga nesa, ba kan mutum ba.

A tanadi jirgi mai inji aƙalla ɗaya ga kowane jirage goma, idan yara ne a ƙara, kowanne da mutum biyu, da igiyar ja, da wuƙa, da oba-oba. Kada a dogara da wayar hannu, domin sabis yakan yanke a irin waɗannan wurare. A bakin ruwa a samu ma'aikacin jinya da 'yan agaji, da mota a tsaye wadda direbanta ya san asibiti mafi kusa. A tanadi barguna da shayi mai zafi, domin yaron da ya jiƙe a cikin iskar hunturu sanyi yakan kama shi da wuri fiye da yadda ake zato.

Sai ƙirga mutane, wanda ba a wasa da shi ko kaɗan. A yi allo mai ƙusoshi, kowane matuƙi da katinsa mai lamba. Zai ɗauki katin idan zai shiga ruwa, ya mayar da shi da hannunsa idan ya fito. Muddin akwai ƙusar da ba kati, jiragen ceto ba su fita daga ruwa.

Kafa fili

Jirgi mai filafili ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Iyakar abin da zai iya shi ne ya karkata da kusan digiri 45, don haka idan zai je inda iska ke fitowa sai ya riƙa tafiya yana saɓa gefe, dama da hagu. A nan gwaninta take, shi ya sa ake kafa fili a bisa layin iska. Alƙali zai fita awa ɗaya da rabi kafin tashi, ya jefa anga, ya ɗaga zare a kan sanda ya riƙa duba alkiblarsa da kamfas duk bayan minti biyar yana rubutawa, har ya gane tsaka-tsakin inda take kaɗowa. Alama ta ɗaya a kai ta can saitin inda iska ke fitowa, ta biyu kuma a ajiye ta kusa da wurin tashi. Fili mafi sauƙi ke nan: a haura a zagayo, a gangaro a zagayo, sau biyu ko uku, ana barin kowace alama a hagu. A daidaita nisan yadda jirgin farko zai gama cikin minti 30 zuwa 45.

Idan babu alamun da aka ƙera don wannan aiki, manyan jarkoki masu launin lemo ko rawaya sun isa, a ɗaura musu gora mai tuta domin a hango su. Igiyar angarsu ta kai ninki biyu na zurfin ruwa, a kuma rataya ɗan nauyi a jikinta kusa da sama domin ta sauka a miƙe kada ta kama allon jirgi.

Layin tashi yana tsakanin sanda mai tuta ruwan lemo a jirgin alƙalai da wata alama a ɗaya gefen, kuma dole ya gitta iska daidai, ba a karkace ba. In ya karkace, gefe ɗaya zai fi kusa da alamar farko, kowa zai cunkushe a can, a yi ta karo. Tsawonsa kuwa ana samunsa ne ta hanyar haɗa tsawon dukkan jiragen a ƙara kwata ko rabin abin da aka samu. Jirage 12 masu mita 4.2 sun ba da kusan mita 50, ke nan layin zai kasance tsakanin mita 63 da 75. Game da ƙarfin iska, idan ta gaza kilomita 7 ko 8 a awa tseren ya koma sa'a, idan kuma ta haura 35 ta fi ƙarfin sababbi, sai a jira.

Minti biyar na tashi

Wannan ne wurin da ake gane kwamitin da ya shirya. A ɗauka za a tashi ƙarfe 10:00. Da ƙarfe 9:55 ana ɗaga tutar ajin da zai tashi tare da busa ɗaya, wannan ita ce alamar gargaɗi. Da 9:56 ana ɗaga tutar P, shuɗiya mai farin murabba'i a tsakiya, da busa ɗaya, kuma daga nan hukuncin dokokin tsere ya hau kan kowa. Da 9:59 ana sauke tutar P da doguwar busa. Da 10:00 daidai ana sauke tutar aji da busa ɗaya, an tashi. Doka ta ce da tuta ake ɗaukar lokaci, kuma idan ƙaho ya ƙi busuwa ba a kula da rashinsa. Don haka mai agogo ya riƙa ƙirga daƙiƙu goma na ƙarshe da babbar murya, mai tuta kuma hannunsa na kan igiya, tutar ta motsa a kan daƙiƙar, ba bayanta ba. A gwada wannan a kan tudu sau da yawa ana gobe gasa.

Babban alƙali yana tsaye a bayan sandar tuta ruwan lemo, idonsa a kan layi, yana faɗin lambobin jiragen da suka matso, marubuci na rubutawa, wayar hannu kuma na naɗar muryarsa. Idan lokacin tashi ya yi alhali wani sashe na gangar jikin jirgi ya riga ya tsallake layi, nan take a ɗaga tutar X, fara mai shuɗin layi a tsaye da a kwance, da busa ɗaya. Tutar za ta zauna har sai mai laifin ya komo bayan layi gaba ɗaya, amma ba za ta wuce minti huɗu ba. Wanda bai komo ba an rubuta shi a matsayin wanda bai tashi daidai ba, ko da shi ya riga kowa isowa. Idan waɗanda suka tsallake sun yi yawan da ba a iya tantance su, sai a kira kowa da tuta mai kusurwa uku, rawaya mai shuɗin baki, da busa biyu. Bayan an sauke ta da minti ɗaya sai a sake alamar gargaɗi.

Idan matuƙa suka yi ta maimaita wannan, doka ta ba alƙali tutoci masu tsanani da zai ɗaga a madadin P. A ƙarƙashin tutar U, duk jirgin da ya shiga gaban layi a minti na ƙarshe an kore shi daga wannan tseren ba tare da zaman sauraron ƙorafi ba, sai dai idan aka sake tashi yana iya komawa. Baƙar tuta ta fi tsanani, domin wanda ta kama ba ya komawa ko an sake. Ba na son a fara da su a gasar sababbi. Sau da yawa laifin na layi ne da ya karkace, kuma gyara shi ya fi korar yara.

Idan iska ta juya ko ta ɗauke kafin tashi, a ɗaga tutar jinkiri, doguwa mai ratsin ja da fari, da busa biyu. Babu abin kunya a jinkiri.

Idan jirage suka haɗu

Kwamitin tsere ba ya bin jirage yana hura usur kamar alƙalin ƙwallo. Matuƙa ne ke hukunta kansu. Amma dole masu shiri su tabbatar kowa ya haddace ginshiƙan. Idan jirage biyu suka nufo juna, wanda iska ke shigo masa ta hagu shi ke kauce wa wanda take shigo masa ta dama. Idan ta gefe ɗaya take shigo musu kuma suna kafaɗa da kafaɗa, wanda ya fi kusa da inda iska ke fitowa shi ke kaucewa. Idan ɗaya na bayan ɗaya ne, na baya ke kaucewa. Wanda ke tsakiyar juyawa ta fuskar iska ya kauce wa kowa har ya daidaita. A wajen alama, idan suka shigo cikin tazarar tsawon jirgi uku suna kafaɗa da kafaɗa, na waje zai bar wa na ciki wurin zagayawa. A kan waɗannan duka, ko mai gaskiya wajibi ne ya guji karo idan da hali.

Wanda ya san ya saɓa wa wani zai fice gefe da wuri ya yi juyi biyu cikakku a jere, wanda ya taɓa alama kuwa juyi ɗaya, shi ke nan ya wanke kansa, sai fa idan ya jawo rauni ko babbar ɓarna, a nan sai ya janye daga tseren. An hana kaɗa filafili da hannu ko girgiza jirgi don ƙara gudu. Dokar da ke kan gaba a kundin kuwa ita ce taimakon duk wanda ke cikin haɗari, kuma wanda ya tsaya ceto yana da damar neman a gyara masa makinsa.

Gajartawa, sokewa da ƙarewa

Idan iska ta fara mutuwa ana tsakiyar tsere, a kai jirgin alƙalai kusa da alamar da jiragen ke nufa, a ɗaga tutar S, fara mai shuɗin murabba'i, da busa biyu, sai tseren ya ƙare tsakanin alamar da sandar tutar. Idan hadari ya haɗo ko hazo ya rufe, tutar N ce, mai ɗaki-ɗakin shuɗi da fari kamar dara, da busa uku, an soke. Da an ji tsawa ko an ga walƙiya a fitar da kowa, kada a tsaya duban nisanta.

A layin ƙarewa ana ɗaga shuɗiyar tuta. Jirgi ya gama da zarar wani sashe na gangar jikinsa ya tsallake layi daga ɓangaren fili. Mutum ɗaya na kiran lambobi, biyu na rubutawa kowa a takardarsa, a rubuta duk wanda ya wuce ko da ana ganin an kore shi, daga baya a tace. Idan babu jirgin da ya gama cikin iyakar lokaci, an soke tseren.

Ƙorafi da maki

Wanda aka saɓa wa zai ɗaga murya nan take ya sanar da ɗayan cewa zai kai ƙara. Kundin ya yarda a yi wannan kira da wani harshe ba Turanci ba, muddin waɗanda abin ya shafa za su fahimta, don haka a rubuta a umarnin tsere cewa kalmar "Ƙorafi" ta wadatar. Jirgin da tsawonsa ya kai mita 6 sai ya haɗa da jar tuta. Daga nan a kai ƙarar a rubuce cikin awa biyu bayan jirgi na ƙarshe ya gama, sai dai idan umarnin tsere ya sa wani lokaci dabam.

A wurin zama, kwamiti zai fara duba ko an cika waɗannan sharuɗɗa. Sannan mai ƙara ya yi bayani, wanda ake ƙara ya yi nasa, kowa ya yi wa ɗan'uwansa tambaya, a shigo da shaidu ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan jiragen katako ko na kwali a kan tebur suna taimakawa ƙwarai wajen nuna yadda abin ya faru. Bayan an sallami kowa, kwamiti zai fara rubuta abin da ya tabbata ya faru, sannan dokar da ta shafe shi, sannan hukunci, a kira su a karanta musu. Iyaye da masu gida ba su shiga ɗakin, komai girmansu, kuma gara a faɗi haka tun da safe cikin ladabi.

Lissafin maki na mai ƙaranci ne: na ɗaya maki 1, na biyu 2, haka har ƙarshe. Wanda bai tashi ba, ko bai gama ba, ko aka kore shi, ana ba shi adadin jiragen da suka yi rajista a ƙara ɗaya. Ana yafe wa kowa tserensa mafi muni, kuma yana da kyau a rubuta cewa yafiyar ba ta fara aiki sai an kammala tsere huɗu ko biyar. A gasar jirage 12, matuƙin da ya samu 2, 1, 4, 13, 3 zai zubar da 13 ya tashi da 10. Wanda ya samu 3, 3, 2, 2, 5 zai zubar da 5, shi ma 10. Sai a jera makin kowa daga mafi kyau: na farko yana da 1, 2, 3, 4, na biyu yana da 2, 2, 3, 3, don haka na farko ya yi nasara tun a lambar farko. Idan har a nan ma suka yi kunnen doki, tseren ƙarshe ke raba su.

A liƙa sakamakon wucin gadi a allo da lokacin da aka liƙa shi, kada kuma a miƙa kofi sai an gama da kowane ƙorafi. A gayyaci hakimi da Sarkin Ruwa su ba da kyaututtukan, a ambaci masu ceto da sunayensu. Kafin la'asar sakaliya a ciro dukkan alamu da angarsu da igiyoyinsu, domin igiyar da aka bari a ruwa komar wani za ta kama gobe. A kwashe ledoji da robobin ruwa daga gaɓa, a biya masunta a hannu a ranar, a sake duba allon katuna a karo na ƙarshe, sannan motoci su kama hanyar gari tun da sauran rana.